Yadda Ake Halartar Daren Kallon Taurari a Glacier Point

A gandun daji na Yosemite da ke jihar Kalifoniya a Amurka akwai wani tsauni mai suna Glacier Point, wanda tsayinsa ya kai mita 2,199 daga matakin teku. A watannin zafi na can, ƙungiyoyin masu sha'awar ilimin taurari sukan hau wurin a daren ƙarshen mako da na'urorinsu na hangen nesa, su kafa su, su bar duk wanda ya zo ya leƙa ba tare da sun karɓi ko sisi ba. Wanda yake son ya ci moriyar wannan dare sai ya fara shiri tun yana gida.

Abu na farko shi ne zaɓen rana, kuma a nan wata ne mai yanke hukunci. Daren sha huɗu ga wata yana da kyau ga mai yawo, amma haskensa yana binne ƙananan taurari, don haka ka nemi kwanakin ƙarshen wata ko farkon tsayuwarsa, sannan ka duba jadawalin da hukumar gandun take fitarwa, domin ba kowane mako ake yi ba. Hanyar dutsen a rufe take lokacin hunturu saboda dusar ƙanƙara, kuma daga kwarin Yosemite tafiyar kusan awa guda ce a mota, mai yawan lanƙwasa. Ka isa kafin faɗuwar rana, ka sami wurin ajiye mota, ka ga inda ake takawa tun da sauran haske. Ka riƙe rigar sanyi da hula ko da rana ta yi ƙuna a ƙasa, domin sanyin bisa dutse yana sauka da wuri, kuma mai rawar ɗari ba ya iya tsayar da ido a kan madubi.

Babban abin da za ka kiyaye shi ne duhu. Idon ɗan Adam yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da shi sosai, amma hasken waya ko farar tocila na ɗan lokaci kaɗan yana rushe wannan sabo, ba naka kaɗai ba, har da na duk wanda ke kusa da kai. Shi ya sa masu abin suke amfani da jan haske mai rauni. Idan ba ka da irin wannan tocila, ka ɗaure jar leda a bakin taka, ka riƙa haska ƙasa kawai. A ganina wannan ladabi ya fi kowace na'ura muhimmanci, domin mutane sun yi doguwar tafiya ne takanas saboda duhun.

Idan layi ya zo kanka, ka tambayi mai na'urar abin da ya saita, sannan ka kusantar da idonka ga ɗan madubin leƙawa ba tare da ka dafa jikin na'urar ba. Da yawa daga cikinsu irin ƙirar nan ce ta John Dobson, wani mai sha'awar ilimin taurari a Amurka, wato dogon bututu a kan akwatin katako, kuma ɗan taɓi kaɗan ya isa ya kawar da ita daga kan tauraron. Idan ka ga dishi-dishi, ka roƙi a nuna maka inda ake murɗawa, domin idon kowa daban yake. Idan kuma ba ka ga kome ba, ka faɗa nan take. Juyawar duniya tana fitar da abin daga madubi cikin ɗan lokaci, sai an sake saitawa.

Kada ka sa ran launuka irin na hotunan intanet, waɗanda kyamara ta daɗe tana tara haske kafin ta fitar da su. Duniyoyi kam suna fitowa tangaran: idan Zuhal (Saturn) yana sama za ka ga zobensa, Mushtari (Jupiter) kuma za ka ga manyan watanninsa huɗu da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya fara hangowa a 1610, jere kamar ɗigon fari a gefensa. Amma abubuwa masu nisa, irin su tarin taurarin Andromeda da haskensu ya yi shekara kusan miliyan biyu da rabi a hanya, hazo-hazo kawai za ka fara gani. Dabarar ita ce ka ɗan kauda kallonka gefe maimakon ka tsura masa ido, saboda gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Ka daure ka yi ko da rabin minti, za ka ga siffar tana ƙara bayyana. Tsakanin layi da layi kuma ka juya kudu, inda burjin Kunama yake da jan tauraronsa, da idonka kawai.

Masu yara su riƙe hannunsu, domin wurin bakin gangare ne mai zurfi. Kada a bar abinci a fili saboda namun daji. Idan za ka tafi kafin a tashi, ka guji juya fitilun mota wajen masu kallo, sannan ka sauka a hankali, domin barewa takan tsallaka titin da dare.