Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Famfon Shawa a Gida

Famfon shawa yana da sassa biyu waɗanda darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai gangar jikinsa ta tagulla da aka binne a bango aka rufe da tayil, akwai kuma kayan cikinsa, wato washar roba da zobba da ƙwayar da ke buɗe ruwa da rufe shi, waɗanda ake cirewa ta gaba a musanya su da kuɗi kaɗan. Yawancin matsalolin da ke tasowa a kayan cikin suke, amma ɓarnar da masu gida ke yi garin gyara ta fi faɗawa kan gangar da ke bango, wadda idan ta tsage ko tiredinta, wato zanen da noti ke bi wajen ɗaurewa, ya cinye, babu makawa sai an fasa tayil.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara matse famfo da ƙarfi idan ya fara ɗiga. Tsohon samfurin famfo, wanda ake murzawa zagaye da yawa kafin ya rufe, yana tsayar da ruwa ne da washar roba da ke danne bakin wani ɗan mazauni na tagulla. Idan robar ta tsufa, matsi yana iya tsayar da ɗigon na ɗan lokaci, amma yana ƙara yaga ta, har ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe, mazaunin ya yi zane, sannan ko an sa sabuwar washa ruwa ya ci gaba da bi ta zanen. Samfurin da ake juyawa rubu'in zagaye kawai, da kuma mai hannu guda da ke haɗa ruwan zafi da na sanyi, ba su da irin wannan washa. Faifai biyu ne na tangaran ke zamewa a kan juna, saboda haka matsi ba ya ƙara musu komai sai dai ya karya hannun ko ya fasa faifan. Bai kamata kuma a raina ɗigon ba, domin ɗigo guda a kowace daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a yini, wato kusan jarka guda ta mai ruwa. Sai dai a lura cewa ruwan da ke sauka daga kan shawa na minti ɗaya ko biyu bayan an rufe, ragowar da ke cikin bututu ne, ba lalacewa ba ce.

Akwai kuma masu kwance famfo mai lafiya saboda ruwa ya rage ƙarfi. A gidajen da suka dogara da tankin sama, tsayin tankin ne ke ba ruwa ƙarfi: kowace mita 10 tana bayar da kimanin bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), don haka tankin da bai wuce mita 3 sama da kan shawa ba, abin da zai bayar bai wuce bar 0.3 ba. Faffaɗan kan shawa irin na otal, da famfunan zamani da yawa da aka ƙera domin ruwa mai matsi, ba za su taɓa fesawa yadda ake so a irin wannan gida ba, ko sau nawa aka kwance su, sai an ɗaga tankin ko an sa ƙaramin injin ƙara matsi. Idan kuwa da can ruwan yana zuwa da ƙarfi daga baya ya ragu, to a fara bincike daga waje. A kwance kan shawar a buɗe famfo. In ruwa ya fito da ƙarfi ta bakin bututu, laifin na kan shawar ne. Ruwan burtsatse yakan zo da yashi, wani kuma yana barin farin datti mai tauri da ke toshe ƙananan hujojin, kuma maganinsa shi ne a jiƙa kan a ruwan khal ko ruwan lemun tsami na wasu sa'o'i, a goge da tsohon burushi, a kuma wanke ɗan rariyar da ke bakin tiyo. Asid ɗin wanke tayil ba na wannan aiki ba ne, domin yana cinye ƙyallin ƙarfen da robar gaba ɗaya. Haka nan idan tanki ya ƙare aka sake cika shi, iska kan maƙale a bututu, ruwa ya riƙa zuwa yana tari yana yankewa. Sau da yawa buɗe dukkan famfunan gida na ɗan lokaci ya isa ya fitar da ita.

Idan ya tabbata cewa sai an buɗe famfon, a rufe makullin ruwa na ƙasan tanki, a buɗe shawar har ruwan da ke bututu ya tsiyaye, a kuma kashe wutar hita tun kafin a taɓa komai, saboda ƙarfen dumama ruwa yana ƙonewa idan ya yi aiki babu ruwa. A toshe magudanar ƙasa da tsumma, don ƙaramin sukurun da ya faɗa ciki ya tafi ke nan.

Wajen kwancewa ne aka fi yin aika-aika. Hannun famfo mai haɗa zafi da sanyi yana riƙe ne da wani ɗan mitsitsin sukuru da ke ɓoye a bayan maɓallin nan mai launin ja da shuɗi, kuma da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen makulli mai kusurwa shida, ake kwance shi. Wanda bai san da shi ba yakan sa sukudireba ya ɓanɓare hannun har ya karya sandar ƙwayar. Filaya mai haƙora tana kankare ƙyallin murfi, tana kuma cinye kusurwoyin notin tagulla, don haka sifana daidai girman notin ce ta dace, tare da ƙyalle a tsakani a duk inda ƙarfen ke sheƙi. Notin da ya cije saboda datti ba a buga masa guduma, kuma ba a zura bututu a hannun sifana don ƙara ƙarfi, domin ƙarfin yana wucewa zuwa mahaɗin da ke cikin bango, musamman inda aka yi aikin da bututun roba. A naɗe shi da tsumman da aka jiƙa da khal, a ba shi lokaci, sannan a gwada a hankali.

Zuwa kasuwa hannu rabbana ma kuskure ne. Ƙwayoyin famfo sun yi kama a ido, amma ta mai hannu guda tana zuwa da faɗi iri-iri, an fi samun milimita 35 da 40, waɗanda ake juyawa kuma sun bambanta a tsayi da yawan haƙoran da hannu ke zama a kansu. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, inda kayan gini suke jibge, mai shago ba zai iya cankar wadda ta dace ba sai ya ga tsohuwar a hannunsa.

Kafin a sa sabuwa, a ɗan buɗe makullin tanki na wasu daƙiƙu domin ruwa ya koro yashin da ke cikin gangar, in ba haka ba ƙwayar yashi guda tana iya zana sabon tangaran tun ranar farko. A ƙasan ƙwayar mai hannu guda akwai 'yan ƙafafu biyu da dole su faɗa cikin ramukansu, kuma notin da ke riƙe ta ana ɗaure shi ne daidai misali, domin idan ya wuce kima hannun zai yi tauri. Zobban roba ana shafa musu giris na silikon. Man basilin da baƙin mai suna kumbura irin wannan roba su lalata ta. Farin tef ɗin famfo kuwa a kan tiredi kawai yake aiki, kuma ana naɗa shi ta ɓangaren da ake ɗaure noti don kada ya warware. Notin tiyon shawa da washa yake riƙe ruwa, saboda haka tula masa tef yana hana shi zama, wani lokaci ma ya tsaga shi. Gam da robar tayar keke da ake ɗaure wurin yoyo da su ba sa tsayar da ruwa, sai dai su karkatar da shi cikin bango.

Masu hita su kiyaye abubuwa biyu. Ruwan zafi ta hagu yake shiga famfo, na sanyi ta dama, kuma famfon da ke daidaita zafi da kansa ba ya aiki idan aka juya su. Sannan ɗan makullin kariya da ke jikin hitar, wanda kan ɗiga kaɗan lokacin da ruwa ke dumama, aikinsa yake yi na rage matsi, kuma toshe shi na iya sa tankin hitar ya fashe.

Idan an canza ƙwaya da roba amma fentin ɗakin da ke bayan banɗaki yana ci gaba da kumbura, ko tayil yana yin gumi alhali famfo a rufe yake, yoyon yana jikin gangar ne ko mahaɗin bututu. A nan sai a rufe makullin tanki a kira mai gyaran famfo, a kuma nemi ya duba ko za a iya fasawa ta bayan bangon, inda filasta ce kawai, kafin a taɓa tayil ɗin da wataƙila ba za a sake samun irinsa a kasuwa ba.