Akwatin Filafili a Kan Tirelar Katamaran: Shawara ga 'Yan Uwa Sababbin Zuwa

A 'yan shekarun nan samarinmu da 'yan matanmu da suka zo karatu ko aiki a ƙasashen Turai da Amurka sun fara shiga wasan tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu filafili, wato babban ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, kuma wannan abin alfahari ne, domin a da idan mutum ya je bakin tafki ranar hutu da wuya ya ji ana Hausa a cikin masu ɗaura igiya. Akasarinsu katamaran suke saya, wato jirgin nan mai tagwayen kwalekwale da shimfiɗa a tsakani, kuma na hannu suke samu tare da ƙaramar tirelar da mota ke ja, saboda tsohon jirgi irin wannan bai fi ƙarfin mai albashi ba. Da zarar an kammala ciniki sai tambaya guda ta taso, kusan a bakin kowa: ina za a zuba filafili da igiyoyi da rigunan ceto da allunan juya jirgi, ganin cewa akwatin da kamfanoni ke ƙerawa musamman don wannan aiki yakan yi tsadar da ba ta dace da tsohon jirgi ba? Amsata a kullum ita ce akwatin shi ne mafi sauƙin abin da ke gabanku, kuma kada a sayi ko ƙusa ɗaya kafin a san inda tirelar za ta riƙa kwana da irin takardar da take ɗauke da ita.

Koyon tuƙi da koyon jan tirela ba za su ba ku wahala ba. Kulob na masu filafili da yawa suna da darussan masu farawa, kuma yini guda a filin ajiye motoci da babu kowa ya isa mutum ya iya komawa da baya. Wannan na bar muku.

Shi ma akwatin, ga yadda ake yi. Jirgin da kuka fi cin karo da shi a kasuwar na hannu shi ne Hobie 16, wanda Hobie Alter ya fito da shi a Kalifoniya a farkon shekarun 1970. Tsawonsa ya ɗan haura mita 5, faɗinsa mita 2.41, nauyinsa kusan kilo 145, jigonsa kuma, wato dogon sandan da ke tsaye yana riƙe da filafili, ya kai mita 8. Babban filafilinsa yana da siraran sanduna da aka zura a cikinsa daga gefe zuwa gefe, don haka ba a ninke shi kamar zane, naɗe shi ake yi, sau da yawa tare da sandar ƙasansa. Abin da ake buƙata ke nan dogon mazubi siriri, kuma tirela tana da wurinsa a shirye, wato filin da ke tsakanin kwalekwalen biyu a ƙarƙashin shimfiɗa. Mafi arhar hanya ita ce bututun roba irin na magudanar ruwa mai faɗin inci 12, wato kusan santimita 30, da tsawon mita 3 ko kusa da haka. A nemi mai siririn bango, domin mai kauri da ake sa wa ruwan famfo yana iya haura kilo 40 a wannan tsawon, kuma nauyi ne na banza. A zaɓi fari idan da hali, saboda baƙi yana tara zafin rana. Murfin da ake sayarwa na bututu mai wannan faɗi yakan yi tsada, shi ya sa mutane da yawa ke yanka bokitin fenti na lita 20 su cusa bakinsa a ƙarshen bututun, ko su yanko da'irar katako su sa mata maɗauri. Kamfanonin aikin hanya da masu sayar da kayan ban ruwa sukan sami guntayen da suka rage, kuma idan an tambaya da ladabi sukan sayar da arha. Na ce a tambaya. Abin da aka gani a yashe a wurin gini yana da mai shi, kuma ɗaukarsa ba izini yana iya zama sata a idon doka, ko da a cikin kwandon shara yake.

Sauran kaya, irin su rigunan ceto da igiyoyi da kayan gyara, suna iya shiga tsohon akwatin saman mota, ko akwatin alminiyam da ake ɗora wa a-kori-kura, ko wanda mutum ya haɗa da kansa da katakon filawud irin mai jure ruwa, ya shafe shi da fenti ciki da waje, musamman bakin katakon inda ruwa ke fara shiga. Kafin komai a ɗauki awo a jikin naku jirgin, domin Dart 18, alal misali, ba shi da sanda a ƙasan filafili, kuma tazarar kwalekwale ta bambanta daga jirgi zuwa jirgi.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ƙoƙarin toshe mazubin ta yadda ko iska ba za ta shiga ba. Wani ƙanenmu mai himma ya liƙe bakin bututunsa da roba, ya zura filafili da ɗan danshinsa a ƙarshen kaka, bai sake buɗewa ba sai da sanyi ya wuce. Ina tsaye ya jawo shi: wari ya fara fitowa kafin ƙyallen, farin yadin ya cika da baƙaƙen ɗigo na funfuna tun daga sama har ƙasa, zoben ƙarfen da ke kusurwa kuma ya zana tsatsa a duk inda ya taɓa. Yadin filafili na roba ne, ba ya ruɓewa da sauri, amma tabon funfuna ba ya fita duka. Dole a huda ƙananan ramuka a ƙasan bututu don ruwa ya tsiyaye, a bar kafar iska a kowane ƙarshe, a rufe ta da raga saboda ɓeraye, waɗanda ke son yin sheƙa a cikin naɗaɗɗen filafili lokacin hunturu. Wanda ya yi wasa a teku ya ɗauraye gishirin da ruwan daɗi ya shanya tukuna, domin gishiri yana jawo laima. Idan kakar wasa ta ƙare, filafili ya koma cikin ɗaki.

Wajen ɗaurawa kuma, kada a huda ƙashin tirela. Huda tana raunana ƙarfen, tana kuma buɗe wa tsatsa hanya ta inda aka cire rufin da ke kare shi. A yi amfani da ƙusoshin nan masu lanƙwasa da ke rungumar ƙarfe a ɗaure su da noti, a sa roba a tsakani idan alminiyam zai haɗu da wani ƙarfe dabam, saboda ruwan gishiri yana sa ɗaya ya ci ɗaya. Kaya masu nauyi su zauna a kan tayoyi ko ɗan gaba da su kaɗan. Idan nauyi ya koma baya, ƙugiyar da ke haɗe da mota takan yi sakayau, tirela ta fara lilo a babbar hanya, kuma wanda ya taɓa ganin haka ta madubi ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Yanzu ga inda ake shan wuya. Sabon zuwa yana ganin tun da ya biya kuɗin haya, kuma an ba shi wurin ajiye mota, to wurin nasa ne ya ajiye abin da ya ga dama. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar haya a yawancin waɗannan ƙasashe tana fayyace abin da aka yarda a ajiye a filin, kuma sau da yawa mota ɗaya ce mai lamba da ke aiki, ban da tirela, ban da jirgi, ban da ajiyar kaya. A Amurka, ko gidan naka ne na kanka, ƙungiyar masu gidajen unguwa tana iya hana ajiye jirgi a gaban gida, ta kuma ci tara. Ni mai gidana da bakinsa ya ce ba damuwa, in ajiye a gefen katanga. Jirgin ya zauna lafiya har ranar da na ɗora masa akwati. Bayan 'yan kwanaki sai ga takarda a ƙarƙashin ƙofa, wai wani maƙwabci ya yi ƙorafi cewa an mayar da filin motoci ɗakin ajiya, kuma jigon da ya zarce layi yana hana shi juyawa. Da na je na tuna wa mai gidan maganarmu, sai ya ɗauko yarjejeniyar ya sa yatsa a kan layin, ya ce shi jirgi ya amince da shi na ɗan lokaci, bai amince da sito ba, kuma a iya saninsa babu inda aka rubuta ko ɗayan biyun. Ya ba ni wa'adi, ya kuma ambaci kuɗin ajiyar da na bayar lokacin shiga gidan, cikin murya mai laushi wadda ta fi tsawa tayar da hankali. Na ƙare ina neman wurin ajiya a tsakiyar kakar wasa, lokacin da kowane fili ya cika.

Saboda haka duk izinin da mai gida ya bayar a nemi ya rubuta, ko da a saƙon imel ne, a kuma ambaci tirelar da tsawon jigon da akwatin da sunansu. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a rubuta, suna ganin kamar rashin yarda ne ga wanda ya yi musu alheri. A nan babu mai ɗaukarsa haka. Mai gida na iya sayar da gidan gobe, wanda ya saya kuma takarda kawai ya sani.

Wanda ya ce to zai bar ta a bakin titi, shi ma ya binciki dokar garinsa. A Jamus, tirelar da aka cire daga mota ba ta wuce mako biyu a wuri guda a kan titin jama'a, kuma ma'aikatan gari suna lura. Garuruwa da yawa a wasu ƙasashen suna da makamanciyar wannan doka, kowanne da nasa wa'adin. Mafita mafi kwanciyar hankali ita ce filin kulob, inda ake biyan kuɗin shekara a bar jirgi a kan tirelarsa, sau da yawa ma ba tare da an sauke jigo ba. Sai dai kulob ma yana da nasa sharuɗɗan game da girman wuri da abin da za a bari a cikinsa, wasu kuma suna da jerin masu jiran gurbi, don haka a sa suna tun kafin a sayi jirgin. Idan aka sami gurbi a kulob mai ɗakin ajiyar filafili, ana iya samun cewa dogon bututun ma ba a bukatarsa, ƙaramin akwati ya wadatar. Wannan ne dalilin da ya sa na ce wurin kwana ne ke zaɓar akwati.

Takardun tirelar kuwa sun bambanta ƙwarai, kuma abin da ɗan uwanka ya gaya maka daga wata ƙasa ba lallai ya yi aiki a taka ba. A Ingila ƙaramar tirela ba ta da rajistar kanta, lambar motar da ke janta ake liƙa mata. A Faransa, wadda iyakar nauyinta ya haura kilo 500 sai ta sami takarda da lambar kanta. A Amurka kowace jiha da tsarinta. A ƙasashen Tarayyar Turai tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 da ita da kayanta, kuma ainihin iyakar taku tana rubuce a ɗan farantin ƙarfe da ke jikinta, wadda sau da yawa ba ta kai hakan ba. Nauyin jirgi da bututu da akwati da duk abin da aka cusa a ciki, duka a cikin wannan iyaka ake lissafa su. Idan farantin ya goge ko mai sayarwa ya ce takardun sun ɓata, a haƙura da cinikin, komai arharsa, domin samo wa tsohuwar tirela sababbin takardu yana iya cin lokaci da kuɗi fiye da sayen wata.

Akwai wani tarko na musamman ga mazauna Jamus. Tirelar jirgin wasa takan sami koriyar lamba, wadda ke nuna an yafe mata haraji, bisa sharaɗin cewa kayan wasan kaɗai za ta ɗauka. Mu kuwa, Allah ya yi mu da son taimakon juna, kuma wannan hali ne da ya riƙe da yawa daga cikinmu a shekarun farko. Da zarar an ji wane yana da tirela mai akwati, ranar da wani zai tashi daga gida sai a kira shi ya ɗauko katifa da tukwane. Mai koriyar lamba ya ba da haƙuri, ya zo da hannunsa da motarsa ya taya ɗauka, amma ya bar tirelar a inda take, domin ɗaukar kayan gida a kanta ya saɓa wa sharaɗin da aka yafe harajin a kansa, kuma abin da zai biyo baya a kan mai tirelar zai faɗa, ba a kan mai katifar ba.

Game da tsaro, kwaɗo a kan akwatin roba yana hana mai wucewa ne kawai, ba ya hana wanda ya zo da niyya. Kada a bar na'ura ko wani abu mai daraja a ciki. A tambayi kamfanin inshora a rubuce ko kayan da ke cikin akwati a kan tirela suna cikin abin da suka ɗauki nauyinsa, domin wasu suna biya ne kawai idan an fasa wuri mai kulle, wasu kuma suna sharɗanta a sa wa ƙugiyar tirelar ko tayarta makulli. A ɗauki hoton filafilin a shimfiɗe yadda lambarsa za ta fito sosai, a ɗauki na lambar da ke jikin kwalekwale da ta farantin tirela, a adana su tare da rasidin saye a wani wurin da ba cikin akwatin ba.