Babi na 6: Lambu a Jikin Bango

Darasi na 1: Abin da za mu shuka

Da yawanku kun ce min ba ku da fili. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, nan ake wanki, nan ake girki. Babu komai. In ƙasa ta ƙare, ai bango yana nan. Za mu jera shukokinmu a jikinsa, wata bisa wata.

Ba kowace shuka ce ke yarda da irin wannan zama ba. Mai kaurin ganye muke so, wadda ke ajiye ruwa a jikinta. Ku karya ganyen alobera ku duba cikinsa. Wannan yauƙin da kuke gani, ruwa ne ta tara, shi ya sa take yin kwana da kwanaki ba a ba ta ruwa ba kuma ba ta mutu ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ban da alobera akwai moda mai dogayen ganye a tsaye, da karan masallaci, da shuka-halinka, wadda in ganyenta ya faɗi ƙasa sai 'ya'ya su tsiro ta gefensa. Ba sai kun saya ba. Duk mai alobera a gida, za ku tarar 'ya'ya sun cika gindinta, ku roƙi ɗaya. Amma tinya da aguwa da kariya, ku bar su a waje. Ruwan jikinsu yana da dafi, na tinya kuwa in ya shiga ido masifa ce, ga shi kuma gidajenmu cike da yara.

Darasi na 2: Bango da mazubi

Gobe da hantsi ku fito tsakar gida ku tsaya. Bangon da rana ke haskawa da safe, inuwa ta rufe shi bayan azahar, shi ne naku. Wanda rana ke duka da la'asar yana ƙona ganye da bazara.

In bangon siminti ne, ku buga ƙusa. In na ƙasa ne, kada ku buga, danshi zai ci shi. Ku kafa sanda 2 a gabansa, ku gicciya katako ko ku ɗaura igiya mai ƙarfi a tsakani. Layin ƙasa ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe, kun dai san halinta.

Mazubi kuwa, babbar robar ruwa ta isa, ko gwangwanin madara. Roba kwantar da ita za ku yi, murfinta a rufe, ku yanke taga a gefen da ke sama. Sai ku sa ƙusa a wuta ta yi zafi, ku riƙe ta da tsumma, ku huda gefen da ke ƙasa wuri 5 ko 6. Gwangwani kuma gindinsa za ku huda. Ku zuba ruwa ku gwada. Ya fita nan take? Madalla. Ya tsaya? Ku ƙara huji. Mazubin da ba a huda ba, kada a sa masa ƙasa.

Darasi na 3: Ƙasa da dashe

Ku auna da gwangwani ɗaya: yashi cike 2, ƙasar gona cike 1, busasshen taki rabi. Ku daddaka gawayi kaɗan ku haɗa. Ku jiƙa kaɗan ku dunƙule a tafin hannu, ku buɗe. In ya wargaje, ya yi. In ya tsaya dunƙule, laka ta yi yawa, ku ƙara yashi.

Ɗan aloberar da kuka ciro, kada ku dasa shi a ranar. Ku ajiye a inuwa kwana 2 ko 3 har wurin yankan ya bushe. Na san da wuya mutum ya ga shuka a kwance ya ƙyale ta, amma ba za ta mutu ba. Sannan ku dasa, gindin kawai ya shiga ƙasa, ganye a waje. Moda da alobera masu nauyi ne, su zauna a layin ƙasa cikin gwangwani, ƙanana su hau sama. Bayan dashe ku yi mako guda ba ku ba da ruwa ba.

Darasi na 4: Ban ruwa

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka mu tafi a hankali. Kun saba da alayyafo da tumatur, masu son ruwa safe da yamma. Hannunku ya saba, ba laifinku ba ne. Waɗannan dabam suke. Ƙishirwa ba ta cika kashe su ba, ruwa ne ke kashe su.

Ga yadda za ku yi. Ku tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Ku zaro ku duba. In kun ji sanyi, ko ƙasa ta manne a yatsa, ku ajiye buta, yau babu ruwa. In yatsa ya fito a bushe, ku zuba a gindi, ba a kan ganye ba, har ku ga ruwa yana ɗiga ta huji. Shi ke nan. Ku tafi abinku.

Mu maimaita. Yatsa tukuna, sannan buta. Saman ƙasa yana iya bushewa alhali ciki a jiƙe yake, ido ba ya ganin wannan, sai yatsa. Kuma kowane mazubi a taɓa shi dabam, domin na ƙasa yana shan abin da ya ɗigo daga na sama, ya fi daɗewa bai bushe ba.

Shukar za ta nuna muku da kanta. In ganye ya yi siriri ya yamutse, ƙishirwa ce, ku ba ta ruwa, za ta farfaɗo. In ya yi rawaya ya yi laushi, kun taɓa gindin kun ji tuɓus, har da ɗan wari, ruwa ya yi yawa, saiwa ta ruɓe. Ku tumɓuke, ku yanke ruɓaɓɓen, ku shanya mai kyan a inuwa kwana 3, ku dasa a busasshiyar ƙasa.

Haba jama'a, duk bayanin nan, sai mako ya zagayo wani ya kawo min ruɓaɓɓiyar alobera yana cewa tausayinta ya ji. Wane irin tausayi ne wannan? Wata kuma ta ce ragowar ruwan alwala kawai take zuba mata. Sau 5 a rana! Ga masu watsa ruwan wanke-wanke duk sanda suka wuce. Ku daina. Ku gaya wa yara su ma su daina. Mutum ɗaya ne zai riƙa ban ruwa a gida, kuma sai ya sa yatsa.

Aiki: ku rubuta wannan jimla sau 5 a littafinku, ku karanta da ƙarfi: Sai ƙasa ta bushe.

Darasi na 5: Damina

Da ruwa ya sauka, ku ajiye buta gaba ɗaya. A watan Agusta ku matsar da su ƙarƙashin rumfa, nesa da bakin indararo. Ku duba huji bai toshe ba, kwantaccen ruwa sauro yake tarawa.

Darasi na 6: Hunturu da ƙwari

Da sanyi ba sa girma sosai, ku rage ruwa. Ku goge ƙura da tsumma. In kun ga wani farin abu mai kama da auduga a tsakanin ganye, ƙwari ne, ku goge da ruwan sabulu kaɗan.

Darasi na 7: Rabawa

In 'ya'ya sun cika mazubi, ku ciro ku dasa a wani. Ku koma Darasi na 3.