Darasi Na 7: An Sawo Fulawa, Ya Za A Yi Ta Rayu?

Yanzu ko ina ka bi cikin garin Sakkwato za ka ga masu sai da fulawa, wato shukokin ado, a bakin titi sun jera su cikin baƙar leda, kore shar, mutum ya tsaya ya saya ya kai gida, sati biyu ta bushe ko ta ruɓe, sai a ce mai fulawa ya cuce ni. Yawanci ba laifinsa ba ne. Wannan darasin kan satuttukan farko ne, don nan ne ake yin ɓarnar.

Da farko dai kar ku yi saurin fidda ta daga ledar. Ku bar ta kamar sati ɗaya zuwa biyu a inuwa mai haske, irin baranda ko gindin bango ta gabas inda take samun hantsi, rana na yin tsaka kuma inuwa ta rufe ta. Can wurin mai sayarwa a ƙarƙashin itace ta saba, in kuka dasa ta tsakar gida ranar da ta zo, ga canjin wuri ga canjin ƙasa, abin ya yi mata yawa. Bangon yamma kam ku manta da shi, ranar la'asar ta watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 sai ta ƙone ganyen ƙurmus. Kuma kar a aje tukunya kai tsaye kan siminti, a ɗora ta kan katako, simintin nan yana ɗaukar zafi har ya dafa saiwa.

To maganar ruwa, nan nake so ku buɗe kunne sosai. Mu nan da yake zafi ya dame mu gani muke komai ƙishi yake ji, sai uwargida ta zuba da safe, yara su zuba da rana, maigida ya dawo shi ma ya ƙara, kowa na ganin taimako yake. Saiwa tana shan iska ne ta 'yan ƙofofin da ke cikin ƙasa, in ruwa ya cika su kullum sai ta shaƙe ta ruɓe, kuma abin haushi shuka mai ruɓaɓɓiyar saiwa langaɓewa take yi tamkar mai jin ƙishi, sai a sake ƙara mata ruwa, shi ke nan an gama da ita. Don haka mutum ɗaya za a ɗora wa ban ruwa a gida. Kafin ya zuba ya tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ya ji danshi ya bari sai gobe, in ta bushe ya zuba da kyau har ya ga ruwa na fita ta ƙasan tukunya. Da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan tankin sama da ya sha rana a bar shi ya huce tukuna.

Ganye ma yana nunawa. In ya yi rawaya ya yi laushi ƙasa kuma jiƙe take, ruwa ya yi yawa. In bakinsa ya bushe yana kakkaryewa, ƙishi ne ko iskar hunturu. Wanda ya yi yaushi da azahar ya miƙe da magariba kuwa lafiyarsa lau, ku ƙyale shi.

Ruwan alwala ba matsala, ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a'a.

In lokacin sauya mata mazauni ya yi, ni dai tukunyar ƙasa na fi so a kan roba, tana sanyaya ƙasar kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, sai dai ta fi saurin bushewa. Ko wacce ce dole a huda gindinta. A haɗa ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, taki kashi 1. Lakar fadamar bakin gulbin Rima zalla ba ta yi, riƙe ruwa take ta daskare. Taki kuma tsoho wanda ya ruɓe ya huce, kashin awaki ko na shanu, ko a wajen masu dabbobi na kasuwar Kara ana samu, ɗanye ƙona saiwa yake. A yanke ledar da reza a saka da ƙasarta gaba ɗaya, ba a kakkaɓewa.

Da hunturu ƙura na rufe ganye ta hana shi samun haske, a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Da damina a rage ban ruwa, kuma farantin da ke ƙarƙashin tukunya a zubar da ruwansa, sauro na ƙyanƙyasa a ciki. In kun ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a bayan ganye, a goge su, a jiƙa ganyen dogonyaro ya kwana a fesa ruwan da yamma.

Mai farawa ya fara da masu jurewa, alobera da moda, waɗannan ko an manta da su sati guda ba abin da zai same su. Ɗaɗɗoya da na'a-na'a sun fi son ruwa amma ga amfani a shayi da girki. Wasu fulawowin ruwan jikinsu guba ne, musamman masu farin ruwa kamar nono, ku tambayi mai sayarwa tun a can, a ɗaga su sama inda yara ba sa kaiwa. Akuya kam kun san halinta.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan shuka ɗaya da ke gidansu a littafinsa, ya gwada ƙasarta da yatsa kullum da safe har sati ɗaya, ya rubuta "danshi" ko "bushe" gaban kowace rana. A zo da littafin aji na gaba.