Yadda ake karanta sakamakon gwajin furotin a fitsari

Lafiyayyar ƙoda tana tace jini ta fitar da datti, amma ta riƙe furotin. Idan matatarta ta fara lalacewa, sai furotin, musamman albumin, ya riƙa yoyo cikin fitsari tun kafin mutum ya ji ciwon komai. Shi ya sa mai ciwon suga da mai hawan jini ya kamata su yi wannan gwaji duk shekara, su kuma iya karanta takardar da kansu.

Da farko ka gane wane gwaji aka yi maka. Idan ɗan tsinken takarda aka tsoma a fitsari ya canza launi, za ka ga alamar 1+ zuwa 4+. Ita 1+ kusan 30 mg/dL ce, 2+ kusan 100, 3+ kusan 300. Wannan kirdado ne kawai. Wanda ya wuni a rana bai sha ruwa ba, fitsarinsa ya yi kauri, yana iya nuna 1+ ƙodarsa lafiya lau; wanda ya sha ruwa da yawa kuma tsinken na iya ɓoye masa matsala.

Don haka ka nemi gwajin ACR, wanda ke auna yawan albumin ya kwatanta shi da na kiriyatinin, wato wani datti da tsokar jiki ke samarwa ƙoda kuma ke fitarwa a fitsari. Ka kai fitsarin farko na asuba a kwalba mai tsabta.

Sai wurin da aka fi yin tuntuɓe: kafin ka kalli lamba, kalli ma'aunin da ke gefenta. Wani ɗakin gwaji mg/g yake rubutawa, wani mg/mmol. A mg/g, ƙasa da 30 lafiya ne, 30 zuwa 300 yoyo ya fara, sama da 300 ya yi yawa. A mg/mmol kuwa iyakokin 3 da 30 ne. Ka ga ke nan 25 a takarda ɗaya ba abin damuwa ba ce, a wata takardar kuwa ta kusa matakin ƙarshe. Idan za ka mayar da mg/mmol zuwa mg/g, ka ninka sau 9.

In an ce ka tara fitsarin awa 24, ka zubar da na farkon safiya, ka tara duk sauran har da na washegari da safe. Ƙasa da 150 mg daidai ne. Sama da giram 3.5 shi ke zuwa da kumburin ƙafa da fuska da kumfa a fitsari.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi, aikin ƙarfi, ciwon mafitsara da jinin haila duk suna ɗaga lambar, don haka a maimaita. Sai ta wuce wata 3 tana sama ake cewa ciwon ya zauna. Ban da mai juna biyu: in ciki ya wuce mako 20 aka ga furotin tare da hawan jini, a ga likita ranar nan, kada a jira maimaici.