Yadda na gyara matsalar tafiyar doki a wasan ches

Wata biyu ina koya wa yaran firamare ches, wato wasa mai kama da dara da ake yi da 'ya'ya irin su sarki, sojoji da doki, a nan Daura, bayan la'asar. Sarki da sojoji sun zauna musu, doki ne kawai ya gagara. Wani ya ja shi a karkace, wani ya ƙi tsallake abin da ke gabansa.

Na zana harafin L a allo, wato siffar tafiyar doki, bai yi ba, domin da dokin ya juya gefe sai zanen ya rikice musu. Na sa su hadda, ita ma shiru.

Sai na fitar da su fili. Muka shata gida 64 a ƙasa, takwas sau takwas, muka barbaɗa toka a gidajen fari, gidan kusurwar dama na kowane ɗan wasa ya zama fari. Yaro ya tsaya a tsakiya, shi ne dokin: taku biyu a miƙe, ɗaya a gefe, yana faɗa da baki. Na ƙara ƙa'ida ɗaya, wadda a ganina ita ta yi aikin: in ka tashi daga toka, dole ka sauka a kan ƙasa. Duk gidan da ya samu daidai, a ajiye masa dabino. A tsakiya takwas suka tara, a kusurwa biyu kacal. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe doki ba ya son lungu."

Kwana uku muka yi, minti 20 kullum, kafin mu koma kan allon wasan. Alhamdulillahi, na gode wa maigadin da ya kawo mana tokar.