Yadda za a yanke wa ciyaman da kansiloli albashi ba tare da an cuci kowa ba

Maganar albashin ciyaman da kansila duk majalisar da anka tado ta, ko a Jega ne ko Argungu ko nan Birnin Kebbi, gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce ai banza suke ci, mi kansila ke yi da zai ɗauki ko sisi, wasu kuma musamman waɗanda ɗan uwansu ya taɓa riƙe kujerar su ce wallahi wahala ce zalla, mutum ya sauka da bashi har wuya. Amma ka tambaye su duka nawa ne albashin, ba mai iya faɗa maka. To wanga rubutu na wanda ke son a zauna a yi lissafi ne, ko an saka ka cikin kwamitin da zai ba da shawara, ko ƙungiyarku ta matasa ko ta ƙwadago na son kai takarda majalisar dokokin jiha.

Da fari ka san wa ke da wuƙa da nama, don kar ka yi ta faɗa da wanda ba shi ne ba. Kansiloli ba su da hurumin su shiga zauren majalisarsu su rufe ƙofa su yanke wa kansu abin da sunka ga dama. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 jiha ya ba ikon yin dokar da ke tsara ƙananan hukumomi har da sha'anin kuɗinsu, sannan akwai hukumar rabon arzikin ƙasa RMAFC wadda ita ke fitar da ma'aunin albashin masu riƙe da muƙaman siyasa. Mu 'yan Kebbi ma bai kamata mu manta da ita ba, don a watan Yunin 2023 nan Birnin Kebbi anka kawo wa Gwamna Nasir Idris rahoton hukumar da ke maganar ƙarin kashi 114 cikin ɗari, labarin ya fita ƙasa ta ɗauki zafi, lokacin ko wata guda ba a yi ba da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, sai da fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce ba a amince da komai ba tukuna. Lissafin nasu ba lallai ya zama ƙarya ba, tsarin da ake kai lokacin tun na 2008 ne, amma an kawo shi a ranar da talaka ke tafiya ƙasa saboda tsadar mota. Saboda haka kafin ka rubuta ko lamba ɗaya ka tabbatar da abu biyu, kwamitin bai ƙunshi masu cin albashin ba, sannan duk abin da anka yanke ba zai fara aiki kan masu ci yanzu ba sai zubi na gaba. Wanga sharaɗi na biyu shi kaɗai yana kashe rabin rigima. A kwamitin a samu tsohon ma'aji ko odita da ya yi ritaya, wakilin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi NULGE, wakilin malaman makaranta na NUT, ɗan kasuwa, mace ko da guda, da wani daga masarauta.

Sai babban aikin, wanda nan ne ake yi wa mutane rufa ido. Ka tattara duk abin da ke shiga aljihun mai muƙami kan takarda guda. A tsohon jadawalin RMAFC tsurar albashin ciyaman ɗan sama da naira dubu 900 ne a shekara, eh a shekara ba a wata ba, in ka raba shi gida 12 kusan daidai yake da mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024. Na kansila bai ma kai haka ba. Shi ya sa in ɗan siyasa ya ce maka "ka je ka duba albashina" gaskiya ya faɗa, sai dai rabin gaskiya ce, don kuɗin ba nan suke ba, suna cikin alawus, kuma alawus ɗin kaso ne ake lissafawa daga tsurar albashin, kuɗin gida kaza cikin ɗari, kuɗin gyaran mota da mai kaza, na masu aikin gida, na karɓar baƙi, na wuta da ruwa, har na jarida. Tun 2003 zamanin Obasanjo anka maida irin waɗannan abubuwa kuɗi don gwamnati ta daina saye wa mutum gida da mota tana kuma biya mai. To ka lura da kyau nan, in mutum yana karɓar alawus na mota kuma ga motar ofis ga direban ofis ga mai ana zuba mai da bauca, biyu ya ci. Ka rubuta duka biyun ka ce ya zaɓi guda.

Akwai kuma waɗanda ba a kiran su albashi sam amma aljihu guda suke shiga, kuɗin zama na mitin, kuɗin tafiye-tafiye, kuɗin tafiyar da ofis na wata-wata, kuɗin tsaro, kuɗin bita da ake zuwa Kaduna ko Abuja a kwana uku a dawo da jaka da biro. Ban ce a soke su ba, ƙaramar hukumar da ke fama da 'yan bindiga dole ciyamanta ya riƙe abin sallamar 'yan sa-kai da sayen mai cikin dare, amma a raba su gida biyu a fili, wanga haƙƙin mutum ne ya kai gidansa, wanga kuma na aiki ne sai ya kawo rasit. Ka nemi baucocin wata 12 daga ofishin ma'aji, kar ka yarda da na wata guda don za a zaɓo maka watan da ba a yi komai ba.

In ka gama da wannan sai ka leƙa aljihun ƙaramar hukumar ita kanta. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.60 cikin ɗari suke samu daga asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT, kuma abin da kowace ta samu duk wata ana buga shi, da waya a hannunka za ka iya ganin na Bunza ko Yauri ko Gwandu. Amma lambar da ka gani ba ita ce ke isa sakatariya ba, albashin malaman firamare na ciki, ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, fansho, kason masarautu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma ba a ba kantomomi, sai zaɓaɓɓu, amma kai mai lissafi da abin da ya shigo asusu za ka yi aiki, ka nemi takardar banki. Harajin cikin gida kuwa na kasuwa da tasha da mahauta, in ba irin Jega ko Kamba masu hada-hada ba, kar ka gina albashin kowa a kansa.

Bari in ba da misali, lambobin nawa ne don a gane hanya kawai. A ce miliyan 400 ta shigo a wata, malamai da ma'aikata da 'yan fansho sun ɗauke 280, saura 120. Ni a ganina duk masu muƙamin siyasa a haɗe kar su wuce kashi 10 na abin da ya rage, miliyan 12 ke nan, sauran na rijiya ne da magani da kwalbati. Yanzu ƙirga kawuna. Kebbi mazaɓu 225 gare ta a ƙananan hukumomi 21, kusan kansila 11 ke nan kowace, ga ciyaman ga mataimaki ga sakatare ga sufabaiza, wato naɗaɗɗun kansiloli masu kula da sassan aiki, a ce biyar, mutum 19. Miliyan 12 za ta riƙe su da mutunci har a samu rara. Amma ranar da anka naɗa mataimaka na musamman, su SA da PA, guda 60 ana ba kowa dubu 50, miliyan 3 ta tafi, kashi ɗaya cikin huɗu na miliyan 12 ɗin ke nan, kuma mafi yawansu ko kujerar zama ba su da ita a sakatariya. Shi ya sa ba a yanke albashi sai an yanke adadin naɗe-naɗe tare da shi cikin doka guda, in ba haka ba ka rage na kansila a buɗe wata ƙofa ta baya.

To nawa za a ba kowa? Nan shawarata ita ce kar a rubuta naira, a rubuta ninki. A ɗaure albashin ɗan siyasa da na ƙaramin ma'aikaci, a ce misali duk abin da kansila zai kai gida, albashi da alawus a haɗe, kar ya wuce ninki biyar na mafi ƙarancin albashi, na ciyaman kar ya wuce ninki goma, sauran su faɗa tsakani. Kuna iya jayayya kan biyar ne ko huɗu, ba komai, amfanin shi ne in naira ta faɗi ba sai an jira shekara 15 ba, kuma duk ciyaman da ke son nashi ya hau sai ya yi faɗa na masinja da malamin aji ɗaya ya hau tukuna. A haɗa da sharaɗin cewa ba a sakin albashin masu muƙami a wata sai malamai da ma'aikatan asibiti sun ji alat. Jihar da gwamnanta tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne bai kamata wanga ya zama abin gardama ba.

Masu cewa a ba su kaɗan tunda hidima sunka zo yi, ku tsaya ku ji. Dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta haɗa har da ciyaman da kansiloli, sai sun bayyana kadarorinsu, ba su cin albashin ofis biyu, kuma mai aikin cikakken lokaci ba ya tafiyar da kasuwanci, noma kaɗai anka yarda mai. Ke nan in ka ba kansila abin da bai kai shi ƙarshen wata ba, ko dai mai babbar fadamar shinkafa kaɗai zai iya tsayawa takara, ko kuma wanda ya shiga ya fara bin kwangila da sunan ƙaninsa. Sannan ka je ƙofar gidan kansila bayan sallar asuba ka gani, kafin ya karya mutane sun cika daɓe, wanga riƙe da katin asibiti yana "Onarabul a taimaka, mai ɗakina ce kwance tun shekaranjiya", wata dattijuwa ta zo da takardar kuɗin jarabawar jikanta ta ninke ta cikin gefen zane, samari na jiran kuɗin ƙwallo, ga goron suna uku an aiko. Ciyaman na iya shiga mota ya yi Birnin Kebbi, kansila cikin unguwa yake kwana. Duk da haka ban yarda a cusa wanga nauyi cikin albashi ba, don rijiya ce marar ƙasa, ko ninki ashirin ka ba shi ba ya isa. Gara a ware asusun taimakon gaggawa ƙarƙashin sashen walwalar jama'a mai rajista da sunaye, kansila ya sa hannu ya tura mutum can.

Nisa ma a duba shi. Tsurar albashi ya zama ɗaya a duk jiha, kansila kansila ne, amma kuɗin zirga-zirga ba zai zama ɗaya ba tsakanin na Kalgo da ke maƙwabtaka da babban birni da wanda zai taso daga lungun Danko/Wasagu zuwa Ribah kan hanyar da sai an yi addu'a, ko na Ngaski da wasu ƙauyukansa sai da kwalekwale. A biya shi kan nisa da zuwa, wanda bai halarci zama ba kar ya sa hannu a baucar zama.

Zaɓaɓɓe da naɗaɗɗe kuwa bambancinsu a taƙaice, wanda jama'a sunka zaɓa yana da wa'adi kuma albashinsa ba ya hannun ciyaman, don kansilan da ciyaman ke iya riƙe wa alawus ba zai taɓa tambayar ina kuɗin kasuwa ba. Naɗaɗɗe kuma aikin da ke rubuce a takardar naɗinsa ake biya, ba wahalar kamfe ba, in babu aiki a rubuce babu albashi.

Kuɗin kayan ɗaki da kuɗin sallama su ne ke jawo kuka daga baya, don a tsarin RMAFC na sallama kaɗai yana kai ninki uku na tsurar albashin shekara, kuma sau da yawa ba a tanade su ba sai an sauka, sabon ciyaman ya ce ba shi ya ci bashin ba, tsofaffin kansiloli su yi ta jeka-ka-dawo shekara da shekaru. Maganinsa a raba kuɗin kan watannin wa'adi a riƙa cirewa duk wata ana ajewa a asusu na daban da odita janar na ƙananan hukumomi ke dubawa, sannan a rubuta ƙarara cewa wanda anka tsige ko ya yi murabus kafin wa'adi iya watannin da ya yi za a lissafa mai. Fansho na har abada ga wanda ya yi 'yan shekaru a kujera kuwa kar ma a kawo maganar.

In kwamiti ya gama, jadawalin ya fito shafi guda, muƙami, albashi, kowane alawus da sunansa, jimla a wata, jimla a shekara, da adadin mutanen da ke kan kowane muƙami. A kai kwafi majalisar dokoki da ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu, a manna ɗaya a allon sanarwa na kowace sakatariya, a karanta shi a rediyo da Hausa, yankin Zuru a ƙara da Dakarci, yankin Kamba da Zabarmanci, a ba mutane wata guda su kawo ƙorafi a rubuce kafin majalisa ta zauna a kai.